Masana'antar Boeing ta Everett

Masana'antar Boeing ta Everett wata masana'antar haɗa jiragen sama ce mallakar kamfanin Boeing, da ke birnin Everett a gundumar Snohomish ta jihar Washington, a arewa maso yammacin ƙasar Amurka. Tana gefen arewa maso gabas na filin jirgin sama na Paine Field, kimanin kilomita 40 arewa da birnin Seattle. An fara gina ta a shekarar 1966 domin ƙera jirgin Boeing 747, kuma babban gininta shi ne gini mafi girma a duniya idan aka auna da yawan sararin da ke cikinsa, wato kubik mita miliyan 13.4 a kan fili mai faɗin kusan hekta 40. A nan aka haɗa duk wani jirgin 747 da ya taɓa tashi sama, haka ma jiragen 767 da 777, da kuma wani kaso mai yawa na jiragen 787. Kimanin mutum 30,000 ne ke aiki a harabar, abin da ya sa ta zama wurin aiki mafi ɗaukar ma'aikata a gundumar.

An san masana'antar da girmanta, amma abin da ya fi jan hankalin masu nazarin tarihin masana'antu shi ne yadda aka gina ta. An sare daji, an baje tudu, an kafa ginin, an kuma haɗa jirgin farko a cikinsa, duk a lokaci guda, a gefen wani ƙaramin filin jirgi da sojoji ke shirin bari, kuma da kuɗin bashi da ya kusa durƙusar da kamfanin.

Filin Paine Field kafin zuwan masana'antar

An fara aikin filin jirgin a shekarar 1936, a cikin ayyukan samar da aikin yi da gwamnatin tarayyar Amurka ta ɓullo da su lokacin babban karayar tattalin arziki. Da farko ana kiransa filin jirgin gundumar Snohomish, kuma an yi niyyar ya zama babban filin jiragen fasinja. Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya wannan shiri. Rundunar sojan sama ta karɓi wurin, a shekarar 1941 kuma aka raɗa masa sunan Topliff Olin Paine, wani matuƙin jirgi da ya tashi a Everett, wanda ya yi aikin soja sannan ya koma jigilar wasiƙu ta sama kafin rasuwarsa a 1922.

Bayan yaƙin an mayar wa gunduma filinta, sai dai sojoji sun sake dawowa a 1951 sa'ad da ake yaƙin Koriya, suka girke jiragen kare sararin samaniya. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 sun fara kwashe kayansu. Abin da ya rage shi ne doguwar hanyar sauka da tashi wadda ba ta da cunkoso, ƙananan jirage na masu zaman kansu, da daji mai duhu a gefen arewa. Shi kansa birnin Everett a lokacin garin katako ne da masana'antun takarda, mai mutane kusan 40,000. Boeing ba baƙo ba ne a garin, domin tun 1943 ya buɗe ƙananan wuraren ƙera sassan jirgin yaƙi samfurin B-17 a can, amma wannan aiki bai taka kara ya karya ba.

Dalilin ginawa da zaɓen wuri

A watan Afrilun 1966 kamfanin jiragen fasinja na Pan Am, ƙarƙashin shugabansa Juan Trippe, ya ba da odar jirage 25 samfurin 747 a kan dala miliyan 525. A lokacin jirgin bai wuce zane a takarda ba. Shugaban Boeing, William Allen, ya yi alkawarin miƙa na farko kafin ƙarshen 1969, aka kuma ɗora wa injiniya Joe Sutter jagorancin zana shi. Jirgin da ake magana ya ninka 707, babban jirgin kamfanin na wancan zamani, kusan sau biyu da rabi: tsawonsa ya haura mita 70, faɗin fukafukansa kusan mita 60, tsayin jelarsa kuma ya kai na bene mai hawa shida.

Babu ginin da Boeing ke da shi da zai ɗauki irin wannan jirgi. Masana'antar Renton, a kudu da Seattle, ta cika maƙil da aikin 707 da 727, hanyar tashin filin jirginta gajera ce, ga tafki a gefe guda ga gari a ɗaya gefen. Tsohuwar masana'antar da ke filin Boeing Field ma ba ta da wurin faɗaɗawa. Dole aka nemi sabon wuri, kuma kamfanin ya duba garuruwa kusan 50, har da wasu a wajen jihar Washington.

Abubuwa huɗu suka rinjayar da zaɓen zuwa Paine Field. Akwai hanyar jirgi doguwa da aka riga aka shimfiɗa, wadda babu jiragen fasinja da za a yi gogayya da su a kanta, kuma hakan na da muhimmanci domin sabon jirgi yakan yi tashin gwaji sau da yawa kafin a miƙa shi ga mai saye. Akwai fili mai faɗi da arha a manne da filin jirgin. Babban layin dogo ya bi ta gaɓar ruwan Puget Sound a ƙasan tudun, tashar jiragen ruwa ta Everett ma tana kusa. Na ƙarshe, kuma wataƙila mafi nauyi, shi ne mutane: injiniyoyi da ƙwararrun maƙeran kamfanin suna zaune ne a yankin Seattle, kuma da wa'adin da aka ɗauka babu lokacin kwashe su zuwa wata jiha ko horar da sababbi daga tushe. A watan Yunin 1966 Boeing ya sayi eka 780, kimanin hekta 315, a arewacin filin.

Aikin gini

An naɗa Malcolm Stamper ya jagoranci aikin 747 baki ɗaya, har da gina masana'antar. Filin da aka saya ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Tudu ne mai dazuzzuka da kwazazzabai, don haka sai da aka sare itatuwa aka kwashe ƙasa sama da kubik mita miliyan uku kafin a samu wurin zuba harsashi. Yankin kuwa sananne ne da yawan ruwan sama. Daminar farko ta mayar da wurin taɓo, ƙasa ta riƙa zaftarewa, motocin aiki suna kafewa, kuma kuɗin da aka kashe wajen gyara ɓarnar ruwa ya ƙaru a kan abin da aka tsara.

Matsala ta biyu ita ce yadda za a hau da kaya. Layin dogo yana bakin ruwa a garin Mukilteo, masana'antar kuma tana can saman tudu. An shimfiɗa wani reshen layi da ya bi ta cikin kwarin da ake kira Japanese Gulch, mai hawan mita 5.6 a kowace mita 100. Ga jirgin ƙasa wannan hawa ne mai tsanani, kuma ana lissafa reshen a cikin layukan dogo mafiya tsayin hawa da ake amfani da su a Amurka. Ta kansa aka hau da ƙarafan ginin, daga baya kuma sassan jirage, kuma har yau yana aiki.

Wa'adin bai bar damar jiran a gama gini kafin a fara ƙira ba. A farkon watan Janairun 1967 rukunin farko na ma'aikatan jirgi suka kama aiki, alhali magina na ci gaba da nasu a kansu. An harhaɗa samfurin gwaji mai cikakken girman 747 tun kafin a gama rufin da ke samansa, mutane suna aiki sanye da hular kwano da rigunan sanyi. A ranar 1 ga watan Mayun 1967 aka buɗe babban zauren haɗa jirage. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki, waɗanda Boeing ke ƙiyasta yawansu da kusan 50,000 idan aka haɗa magina da maƙera da injiniyoyi da ma'aikatan ofis, sun samu laƙabin "The Incredibles", ma'ana masu aikin ban mamaki. Da yawansu sun riƙa yin kwana bakwai a mako, wasu ma a wurin suke kwana.

Ginin farko yana da sararin da ya kai kimanin kubik mita miliyan 5.7, kuma tun a wannan girma ya riga ya zarce kowane gini a duniya ta wannan ma'auni. An yi shi ne da dogayen zaure marasa ginshiƙi a tsakiya, yadda jirgi mai buɗaɗɗun fukafukai zai tsaya a ciki, injinan ɗaga kaya kuma su riƙa yawo a kan dogo da ke maƙale a rufi suna ɗauko sassa daga wannan sashe zuwa wancan.

Jirgin farko da shekarun ƙunci

A ranar 30 ga watan Satumbar 1968 aka jawo 747 na farko daga cikin ginin a gaban 'yan jarida da wakilan kamfanonin jirage 26 da suka riga suka ba da oda. Ya yi tashinsa na farko daga Paine Field a ranar 9 ga watan Fabrairun 1969, Jack Waddell na tuƙi, Brien Wygle na taimaka masa, Jess Wallick kuma yana kujerar injiniya. Wannan jirgi, da aka yi wa laƙabi da sunan birnin Everett, yana ajiye yanzu a gidan tarihin jiragen sama na Museum of Flight da ke Seattle. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba shi takardar amincewa a watan Disambar 1969, Pan Am kuma ya fara jigilar fasinja da shi daga New York zuwa Landan a watan Janairun 1970.

Sai dai nasarar ta zo da ciwo. Injin JT9D na kamfanin Pratt & Whitney, wanda shi ma sabo ne, ya riƙa ba da matsala, kuma ba a samun sa a kan lokaci. Jirage da aka gama haɗawa suka taru a farfajiyar masana'antar babu inji, an rataya musu tubalan kankare a gurbin injinan domin nauyinsu ya daidaita. Jirgin da ba a miƙa ba kuwa ba a biyan cikon kuɗinsa. Bashin da ke kan kamfanin ya haura dala biliyan biyu, fiye da rabinsa na bankuna ne.

A daidai wannan lokaci tattalin arzikin Amurka ya ja baya, kamfanonin jirage suka daina saye, sannan a 1971 majalisar dokokin ƙasar ta janye tallafin da take bai wa shirin Boeing na ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya fi na sauti. Yawan ma'aikatan kamfanin a yankin Seattle ya faɗo daga sama da 100,000 a ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙasa da 40,000 a 1971. Gidajen da aka gina a Everett da kewaye domin sababbin ma'aikata suka zama kango. A shekarar ce wasu dillalan gidaje biyu suka kafa wani allon talla kusa da babban filin jirgin Seattle suna roƙon mutum na ƙarshe da zai bar garin ya kashe fitilu, abin da har yau ake tunawa da shi a yankin. Wannan ne karo na farko da Everett ya ɗanɗana abin da ke tattare da dogaro da masana'anta guda, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Cinikin 747 ya farfaɗo a hankali cikin shekarun 1970, kuma da yake babu wani jirgin fasinja mai girmansa a kasuwa har zuwan Airbus A380, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun ribar kamfanin na tsawon shekaru.

Faɗaɗawa

An faɗaɗa ginin sau biyu. Na farko a wajajen 1979 zuwa 1980, inda aka ƙara kusan kashi 45 cikin ɗari domin jirgin 767 mai inji biyu, wanda ya fara tashi a ranar 26 ga watan Satumbar 1981. Na biyu a farkon shekarun 1990, inda aka ƙara kusan rabin girmansa domin 777, wanda ya fara tashi a ranar 12 ga watan Yunin 1994. Da wannan ƙari ne ginin ya kai girmansa na yanzu.

A shekarar 2016 aka buɗe wani gini daban a arewacin babban ginin domin ƙera fukafukan jirgin 777X, a kan kuɗi sama da dala biliyan ɗaya. Ba da alminiyam ake yin waɗannan fukafukai ba. Ana shimfiɗa zaren kabon da aka jiƙa da wani irin danƙo, hawa kan hawa, sannan a gasa shi a cikin manyan tanderu masu zafi da matsin iska har ya ƙanƙame. Faɗin fukafukan ya kusa mita 72, shi ya sa aka yi bakinsu mai naɗewa, domin jirgin ya iya shiga wuraren tsayawa na filayen jirage da aka gina don 777 na da. Jirgin 777X ya yi tashin farko daga Paine Field a ranar 25 ga watan Janairun 2020, amma samun amincewar hukuma ya yi ta jinkiri shekara bayan shekara.

Tsarin wurin da yadda ake aiki

Babbar hanyar mota mai lamba 526 ta raba harabar gida biyu. Ginin haɗa jirage yana arewa, rumfunan fenti da wurin zuba mai da gwaji da cibiyar miƙa jirage ga masu saye kuma suna kudu, a jikin filin jirgin. Wata gada ta musamman ce ta haɗa su, kuma galibi da dare ake jan jirgin da aka gama a tsallaka da shi, don kada direbobi su shagala da kallo.

Ginin yana da manyan ƙofofi shida a fuskar kudu, kowace tsayinta mita 25, faɗinta kuma daga mita 91 zuwa 107. A ciki akwai injinan ɗaga kaya 26 da ke tafiya a rufi. A ƙarƙashin daɓen akwai hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 3.7, domin mutane su wuce ba tare da sun ratsa wurin aiki ba, ma'aikata kuma suna amfani da kekuna masu ƙafa uku fiye da dubu wajen kai kayan aiki. Babu na'urar ɗumama zauren ko sanyaya shi. Fitilu da injina da jikin mutane sun isa su ɗumama shi da hunturu, idan zafi ya yi kuma sai a buɗe ƙofofi. Masu zagayawa da baƙi sun daɗe suna ba da labarin cewa a farkon shekarun ginin tururi kan taru a ƙarƙashin rufi kamar gajimare, har sai da aka saka na'urorin juya iska. Harabar tana da nata 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro da asibitin sha-ka-tafi da wuraren cin abinci, kuma ana aiki ne kashi uku a yini.

Kalmar "ƙera" tana iya ɓatar da mai karatu a nan, domin mafi yawan abin da ake yi a Everett haɗawa ne. Jirgin 747 yana da sassa kusan miliyan shida, rabinsu ƙusoshi ne da makamantansu, 777 kuma kusan miliyan uku, kuma ɗaruruwan kamfanoni ne a ƙasashe daban-daban ke yin su. Injina suna zuwa daga General Electric ko Pratt & Whitney, a da kuma har da Rolls-Royce. Manyan ɓangarorin gangar jikin 767 da 777 kamfanonin Japan ne ke yin su, irin su Mitsubishi da Kawasaki. Sukan iso tashar ruwa ta Everett a cikin manyan akwatuna, a ɗora su a jirgin ruwan dako zuwa wata matsaya kusa da Mukilteo, daga nan jirgin ƙasa ya hau da su ta reshen nan na 1966.

A da jirgi kan tsaya wuri ɗaya a yi masa aiki, sannan a ɗaga shi zuwa matsayi na gaba. Daga shekarar 2006 aka fara mayar da layin 777 mai tafiya, bisa koyi da tsarin kamfanin motoci na Toyota, inda ake jan jirgin a hankali, 'yan santimita kaɗan a minti, ma'aikata da kayan aikinsu na biye da shi. Ba kowane sabon tsari ne ya yi nasara ba. A 2015 an kawo mutum-mutumin inji domin huda gangar jikin 777 da ɗaure ta da ƙusoshi, amma aikinsu ya riƙa buƙatar gyara da hannu, kuma a 2019 kamfanin ya yi watsi da tsarin ya mayar da akasarin aikin ga maƙera.

Jirgin 787, haraji da ƙwadago

Tarihin masana'antar daga shekarar 2000 ya fi karkata ga tambaya guda: shin sabon jirgi na gaba a Everett za a haɗa shi ko a wani wuri? Boeing ya mayar da hedikwatarsa daga Seattle zuwa Chicago a 2001, kuma da ya tashi neman inda zai haɗa 787 sai ya buɗe gasa tsakanin jihohi. Jihar Washington ta yi nasara a 2003 bayan ta amince da rangwamen haraji na kimanin dala biliyan 3.2 ga masana'antar jiragen sama.

An tsara 787 ne yadda kamfanonin waje za su kawo manyan ɓangarori a kammale, Everett kuma ta haɗa su cikin 'yan kwanaki. Domin ɗauko su daga Japan da Italiya da wasu sassan Amurka aka sauya fasalin jiragen 747 guda huɗu, aka kumbura cikinsu, aka kira su Dreamlifter. Tsarin bai tafi yadda aka so ba. Ɓangarori sun riƙa isowa ba a gama su ba, kuma jirgin da aka nuna wa duniya a ranar 8 ga watan Yulin 2007 kusan fanko ne a ciki. Bai tashi ba sai ranar 15 ga watan Disambar 2009, kuma sai a watan Satumbar 2011 aka miƙa na farko ga kamfanin All Nippon Airways, bayan jinkirin fiye da shekara uku. A tsakanin nan jiragen da ke jiran gyara sun cika Paine Field, har aka rufe wata ƙaramar hanyar tashi aka mayar da ita wurin ajiye su.

Maƙeran Everett 'yan ƙungiyar ƙwadago ta IAM ne, reshe na 751, kuma sun yi yajin aiki na kusan mako takwas a 2008. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya sanar cewa zai buɗe layi na biyu na 787 a North Charleston da ke jihar Karolina ta Kudu, inda ma'aikata ba su da ƙungiya. Da batun 777X ya taso a 2013, majalisar jihar Washington ta tsawaita rangwamen haraji zuwa 2040, wanda aka ƙiyasta darajarsa da dala biliyan 8.7, a watan Janairun 2014 kuma maƙeran suka amince, da ƙuri'a kashi 51 cikin ɗari kacal, da yarjejeniyar da ta dakatar da tsohon tsarinsu na fansho. Da wannan farashi aka riƙe 777X a Everett. Rangwamen ya shiga cikin doguwar shari'ar da Amurka da Tarayyar Turai suka yi a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan tallafin Boeing da Airbus, kuma jihar ta soke babban ɓangarensa a 2020.

Annobar korona ta sa an rufe masana'antar na kusan wata guda daga ƙarshen watan Maris na 2020. Da kasuwar manyan jirage ta faɗi, kamfanin ya tattara dukkan aikin haɗa 787 zuwa Karolina ta Kudu a 2021. Zafin abin da ya faru a 2014 bai huce ba: a watan Satumbar 2024 maƙera kusan 33,000 a yankin suka sake tafiya yajin aiki, aiki ya tsaya a Everett da Renton har zuwa farkon watan Nuwamba, lokacin da suka karɓi ƙarin albashi na kashi 38 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu. Ba a dawo da tsohon fanshon ba.

Ƙarshen 747

Jirage masu inji biyu, ciki har da 777 da ake haɗawa a zaure na kusa, su suka kashe wa 747 kasuwa, domin sun fi shi tsimin mai kuma an ba su izinin ƙetare manyan tekuna. A shekarunsa na ƙarshe kusan duk wanda aka ƙera na dakon kaya ne. Na ƙarshe ya fito daga ginin a ranar 6 ga watan Disambar 2022, aka miƙa shi ga kamfanin Atlas Air a ranar 31 ga watan Janairun 2023. Jimillar da aka haɗa a Everett cikin fiye da shekara hamsin ita ce 1,574. A cikinsu akwai jirage biyu da ke ɗaukar shugaban Amurka tun 1990, akwai kuma waɗanda bayan sun yi shekaru a hannun manyan kamfanoni suka dawo hannun kamfanonin Najeriya irin su Kabo Air da Max Air, suka yi ta jigilar alhazai daga Kano da sauran garuruwan Arewa zuwa ƙasa mai tsarki.

Fitar 747 da 787 ta bar zaure babu kowa a ginin. A watan Janairun 2023 Boeing ya sanar da shirin kafa layin haɗa 737 MAX a Everett, karo na farko da za a haɗa ƙaramin jirgi mai hanya ɗaya a tsakiyar kujeru a wurin. Ya kuma sanar a 2024 cewa zai daina ƙera 767 na dakon kaya a 2027, amma za a ci gaba da KC-46, jirgin soja mai ba wa wasu jirage mai a sama, wanda aka gina a kan gangar jikin 767.

Filin jirgin da garin

Paine Field har yanzu mallakar gundumar Snohomish ne, Boeing yana amfani da babbar hanyarsa mai tsawon mita 2,746 ne bisa yarjejeniya. Zuwan masana'antar ya jawo kamfanonin gyaran jirage da masu yin ƙananan sassa da makarantun koyon sana'ar jirgi zuwa kewayen filin. Yawan mutanen Everett ya haura 110,000 a ƙidayar 2020.

Shirin 1936 na mayar da wurin filin fasinja bai tabbata ba sai bayan shekara tamanin. Mazauna Mukilteo da wasu garuruwan kusa sun daɗe suna adawa da shi saboda ƙara da cunkoson motoci, har hukumar birnin Mukilteo ta kai ƙara kotu ba ta yi nasara ba. A ranar 4 ga watan Maris na 2019 aka buɗe wata ƙaramar tashar fasinja da kamfanin Propeller Airports ya gina yake kuma gudanarwa, Alaska Airlines ya fara tashi daga cikinta. A 2023 aka sauya wa filin suna zuwa Seattle Paine Field International Airport.

Ziyara

Tun ana cikin gini mutane suka riƙa zuwa kallo, don haka kamfanin ya fara shirya zagaye a hukumance a 1968. Daga watan Disambar 2005 zagayen yana farawa ne daga cibiyar Future of Flight da ke ɗaya gefen hanyar jirgin, inda ake ɗaukar baƙi a bas, a bi da su ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, a hau da su baranda su leƙa layukan haɗa jirage daga sama. Ba a yarda a shiga da waya ko kyamara ba. An dakatar da zagayen a watan Maris na 2020 saboda annoba, aka sake buɗe shi a watan Oktoban 2023.